Tafiyar Ƙasa a Kwarin Kogin Spey

A arewa maso gabashin Sikotlan akwai wani kogi mai suna Spey, wanda ke tasowa daga cikin duwatsu ya yi tafiyar kilomita kusan 170 kafin ya faɗa teku. Ruwansa sanyi ƙarara, ga gudu, har ana lissafa shi cikin kogunan da suka fi sauri a ƙasar. Duniya ta san kwarin wannan kogi ne saboda giyar wiski, domin masana'antun da ke dafa ta daga tsiron sha'ir, wajen guda 50, a nan suke jibge. Mai karatu Musulmi zai iya cewa to ina ruwansa. Gaskiya ne babu ruwansa da abin da ke cikin kwalba, amma a kwarin akwai hanyar ƙafa da ta cancanci a ba da labarinta, kuma mutum yana iya bin ta tun daga farko har ƙarshe bai kurɓi komai ba sai shayi.

Sunan hanyar Speyside Way. An buɗe kashinta na farko a 1981, aka yi ta ƙara mata tsawo a hankali, yau ta kai kimanin kilomita 137 daga garin masunta na Buckie a bakin teku zuwa Newtonmore a gindin duwatsu. Mai ƙarfin gwiwa yakan gama ta cikin mako guda, yana kwana a ƙauyukan da ke kan hanya. Ba a ɓata cikin sauƙi, saboda an kakkafa ƙananan turaku masu ɗauke da hoton furen ƙaya, alamar ƙasar Sikotlan, a kowace mararraba.

Farkon tafiyar daga teku ba shi da wahala. A Spey Bay, inda kogin ke haɗuwa da teku, akwai wani tsohon rumbun ƙanƙara da aka gina a 1830, rabinsa a binne cikin ƙasa. A zamanin da babu firji, masunta kan tara ƙanƙarar hunturu a ciki don adana kifin salmon da za a tura kasuwannin kudu. Daga nan sai a bi gaɓar kogi zuwa Fochabers, a haura dazuzzukan da ke jikin tsaunin Ben Aigan, a gangaro Craigellachie. A wannan ƙauye ne gadar ƙarfe da injiniya Thomas Telford ya kammala a 1814 take tsaye har yanzu. Babbar ambaliyar 1829 ta kwashe gadoji da dama a kwarin, wannan kuwa ta tsira.

Daga Craigellachie zuwa Ballindalloch, tafiyar kilomita kusan 20, ita ce zuciyar hanyar, kuma a nan ne matafiyi zai lura da wani abu. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce sumul, babu hawa babu gangara, tana lanƙwasa a hankali, tana ratsa tudu maimakon ta haye shi. Dalili shi ne tsohon layin dogo ne. An buɗe shi a 1863, kuma shi ya mayar da dafa giya a kwarin babbar sana'a: jirgi ya kawo gawayin kwal da sha'ir, ya kwashi ganguna zuwa biranen kudu. Wanda ya kafa masana'antar Cragganmore a 1869 da gangan ya zaɓi fili a gefen layin. Da motocin dakon kaya suka karɓe ciniki, sai aka daina jigilar fasinja a 1965, ba da jimawa ba jigilar kaya ma ta tsaya, aka tone ƙarafan. Abin da ya rage shi ne matafiya ke takawa yau. Dandamalin tsoffin tashoshi irin su Carron da Blacksboat suna nan, ciyawa ta rufe gefensu, mutane na zama a kai suna cin guzuri.

Ko mutum bai leƙa masana'anta ko ɗaya ba, hancinsa da idonsa za su gaya masa inda yake. Iska kan kawo ƙamshin dafaffen sha'ir, mai kama da na burodin da ke cikin tanda. Dogayen ɗakunan ajiya suna jere a bakin hanya, bangonsu ya yi baƙi ƙirin, har itatuwan kusa da su ma haka. Wata irin fumfuna ce da ke rayuwa a kan tururin da ke fita daga ganguna, domin doka ta ce sai giyar ta shekara 3 aƙalla a cikin gangar katako kafin a kira ta wiskin Sikotlan, kuma kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska. Akwai kuma wani rufi mai tsini irin na gine-ginen ƙasar Sin da ake hangowa a saman masana'antu da yawa. Wani magini mai suna Charles Doig ne ya fara ƙera shi a 1889 a Dailuaine, dab da wannan hanya, don ya riƙa zuƙe hayaƙi daga ɗakin busar da sha'ir. Yawancinsu yanzu ado ne kawai. Dusar da ta rage bayan an tace sha'ir kuwa shanun yankin ake ba, shi ya sa makiyayi da mai masana'anta suka daɗe suna cin moriyar juna.

A Ballindalloch hanya ta rabu biyu, kuma a ganina wanda ya bar reshen da ke zuwa Tomintoul ya bar mafi daɗin tafiyar. Kilomita wajen 24 ne, amma na gaske: hawa tudu, taɓo, iska mai kaɗa mutum, babu inuwa babu mafaka. Reshen ya ratsa kwarin Glenlivet ya haye tsaunin Carn Daimh mai tsayin mita 570, daga kansa ana hango jerin duwatsun Cairngorm, sau da yawa da dusar ƙanƙara a kawunansu har cikin bazara. Wannan yanki shi ne matattarar 'yan fasa-ƙwauri a ƙarni na 18 da farkon na 19. Haraji ya yi wa talakawa nauyi, sai suka koma dafa giya a ɓoye cikin kwazazzabai, su ɗora ƙananan ganguna a kan dawakai, su bi ta duwatsu da dare zuwa kasuwannin kudu don kauce wa jami'an haraji. Abin ya kai har Sarki George na Huɗu, da ya ziyarci Edinburgh a 1822, ya nemi a kawo masa ta Glenlivet, alhali a lokacin haramtacciya ce a dokar gwamnatinsa. A 1823 majalisa ta sassauta, ta ce duk mai fam 10 ya zo ya yanki lasisi. Wani manomi George Smith ya yanka a 1824, maƙwabtansa suka ɗauke shi maci amana suka yi barazanar ƙona masa wuri, dole ya riƙa yawo da ƙananan bindigogi biyu a ɗamara. Wasu daga cikin hanyoyin dawakan nan an gyara su, an sa musu alamomi, iyalai na bi da yaransu ranar Lahadi.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda mai tafiya ke buɗe ƙofar shingen gonar wani ya wuce ta tsakiyar tumaki, mai gona na kallonsa, iyaka ya ɗaga masa hannu. A Sikotlan 'yan ɗaruruwan masu hannu da shuni ne ke riƙe da kusan rabin filayen karkara da ba na gwamnati ba, amma dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa yawancin filaye da ƙafa ko keke ko doki, har ma ya kafa tanti ya kwana biyu ko uku. Sharaɗi shi ne kada ka shiga farfajiyar gidan mutum, kada ka tattake shuka, ka riƙe karenka lokacin haihuwar tumaki, ka bar ƙofa yadda ka same ta, ka kwashe shararka. Duk wanda ya ga yadda gonaki suka cinye burtali a ƙasarmu, da rigimar da hakan ke haifarwa kowace kaka, ya san hanyar wucewa ba ta tsira da kara da kunya kaɗai. A can sun rubuta ta a doka, suka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin hana a toshe ta.

Idan aka koma babbar hanya, daga garin Grantown zuwa kudu masana'antu sun yi ƙaranci, daji ya karɓe. Hanyar ta ratsa gandun Cairngorms, wanda aka kafa a 2003 kuma ya fi kowane gandun ƙasa girma a Birtaniya, ta bi ta gefen dajin Abernethy, ɗaya daga cikin ragowar tsoffin dazuzzukan Sikotlan. A tafkin Loch Garten da ke ciki ne wani shaho mai kamun kifi ya dawo yin sheƙa a shekarun 1950, bayan an ƙarar da shi a ƙasar. Tsuntsun ɗan ci-rani ne: idan sanyi ya kawo jiki sai ya nufo Afirka ta Yamma, ya yi hunturu a gaɓar Senegal da Gambiya da maƙwabtansu.

Mai niyyar zuwa ya nufi tsakanin Mayu da Satumba, ya tanadi rigar ruwa da takalmi mai ƙwari, don ana iya ganin rana da ruwan sama da iska duk kafin azahar. A duba jiki da yamma saboda kaska, wadda a can takan ɗauki cuta. Sannan a yi shirin lokutan salla: a watan Yuni yini yakan kai awa 18, magariba sai bayan ƙarfe 10 na dare, kuma sararin sama ba ya yin duhu sosai kafin alfijir ya keto. Naman halal yana wuyar samu a ƙauyukan, amma akwai kifi da ƙwai da kunun hatsin oat da safe, ga kuma biskit ɗin man shanu na Walkers da ake toyawa a Aberlour, garin da hanyar ta ratsa ta tsohuwar tasharsa.