Insha'i Kan Kasuwar Tarauni

Duk Asabar bayan la'asar muna tara yaran sakandare a wani zaure a Hotoro, muna koya musu insha'i. Watan jiya muka ce su rubuta mana Kasuwar Tarauni. Uku suka kawo aiki sumul, ba kuskure ko ɗaya, amma babu ihun 'yan dako, babu taya da albarka. Kasuwar ko'ina ce. Da muka matsa, suka nuna waya: ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta musu.

Har mun ɗauko faɗa, sai kunya ta kama mu. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, mu ma can muke neman ma'anar kalmomin Turanci, har da tsara takardar neman aiki.

Sai muka canza tsari: kowa ya je ya gani da idonsa, a gabanmu kuma za a rubuta. Wata yarinya 'yar Gyadi-Gyadi ta cika shafi da kurakurai, kan yadda mai kayan miya ya ƙara wa mahaifiyarta gyaran attaruhu don ta tambayi jikin ɗansa. Nata muka karanta wa ajin, har sau biyu.