Kifin da na kashe a bakin Bahar Maliya

Ni ɗan tudu ne, na tashi a inda duk abin da ya ja ciki sanda ce maganinsa. Da wannan tarbiyya na sauka Fot Sudan wajen kawuna, jikan mahajjatan ƙafa da suka yada zango a can ba su koma gida ba. Sana'arsa su.

Wata ranar da magariba ya ɗauke ni a kwalekwalensa zuwa gefen duwatsun murjani, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ina takawa sai na ga wani kai ya leƙo daga yashi, sannan dogon jiki mai ɗigo-ɗigo baƙaƙe ya biyo baya. Ban tsaya tambaya ba, na kai masa duka da filafili har sau uku.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗago gawar ya ce, "Ɗana, shafa ka ji." Fata sumul, babu ɓawon maciji. Ya nuna mini ƙofar numfashi a gefen wuya da siririn fiffike a gadon baya. Kifi ne. Wutsiyarsa ta fi ba ni mamaki: tsini ne mai tauri, da ita yake haƙa rami, ya shige yashi da baya-baya har sai kai kaɗai ya rage. Yini yake yi a binne, da dare ya fito yana bin warin ƙaguwa da ƙananan kifaye a ƙarƙashin murjani. Sai na tuna gaiwar fadamarmu, wadda ita ma laka ce mafakarta, ba mu kuma taɓa kiran ta maciji ba.

Daga baya na karanta cewa Bahar Maliya ba ta da macijin teku ko ɗaya. Ashe abin da na ji tsoro ma babu shi a ruwan. Na kuma ga cewa a 2016 UNESCO ta sanya murjanin Sanganeb, da ke kusa da gaɓar nan, cikin kayan gadon duniya. Masu nutso kifaye masu launi suke zuwa kallo. Ban ga alamar akwai mai damuwa da na cikin yashi ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ban koma ba. Idan waya ta shiga, kawu kan tambayi iyali, sannan ya ce, "Yaya sarkin kashe macizai?" Nakan yi dariya, amma har yau ina jin santsin fatar nan a tafin hannuna.