Keken Hawan Dutse Ya Iso Sabo

Shekarata 26 ina gyaran keke a nan Sabon Ibadan. Raleigh da Phoenix da Hero, ko ido a rufe zan kwance su in mayar. Amma wata uku na yi ina ƙirga kwanaki saboda keke guda ɗaya, kuma ba nawa ba ne.

Wani Bayarabe ne, tsohon kwastomana, ɗansa ya saya masa a Amurka, aka sa a jirgin ruwa zuwa Apapa. Ya ce mini, "Malam, in ya iso kai za ka haɗa." Sunansa Stumpjumper 15, samfurin da kamfanin Specialized ya fitar a 2024. Sunan tsoho ne, tun 1981 suke yin sa, bayan samarin Kalifoniya sun fara gangarowa daga tsauni da tsofaffin kekuna. Shi wannan an yi shi ne don ya hau dutse da ƙarfin ƙafa, ya kuma sauko a guje. Kullum da daddare yarona sai ya buɗe mini bidiyonsa a waya. Ina ɗoki, ina kuma fargaba, kada a kawo abu har rumfata in kasa.

Ranar da aka buɗe kwalin, yaran unguwa suka cika gaban shago. Tayar inci 29 ce, mai kauri da haƙora. Giya 12 a baya, faranti ɗaya tal a gaba. Shokozoba gaba da baya, kowace tana lotsawa kusan santimita 15. Sirdin ma da ɗan yatsa ake sauke shi ana cikin tafiya. Birkin kuwa mai ne a ciki kamar na mota, babu waya.

Da na gama haɗawa, mai keken ya ce in ɗana. Na nufi tudun Mokola. Wallahi hawan da nake sauka in tura Phoenix, a zaune na gama shi. Da na juyo gangara na bi ta kan ramuka, bayana bai ji komai ba. Birki kuwa yatsa ɗaya ya ishe shi.

Sai dai fa ba keken neman abinci ba ne. Babu kariyar ɗora buhun goro, babu ko jak. Kuɗinsa ya sayi babur har da canji. Mai tallan nama ko ɗan makaranta, Phoenix ɗinsa ta fi masa.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suke dawowa kan keke, kuma na gwanjon da ke shigowa yanzu da yawa masu giya ne da birkin faifai. Wanda faci da ɗaure sarƙa kawai ya iya, aiki zai wuce shi ya tafi wata unguwa yana kallo.

Don haka na sayi sirinji da man birki, na zaunar da yarana biyu muna koyon fitar da iska daga birki. 'Yan'uwana masu gyara, duk mai so ya zo bayan La'asar ranar Asabar. Ba a biyan ko kwabo, ku dai taho da sifananku.