Ga ƙannena masu neman ƙwarewa a aikin tiyata

Jarrabawar WACS (Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma) da ta Kwalejin Ƙasa da ke Ijanikin kowacce sau biyu take zuwa a shekara. Da zarar ta matso, sai ka ga ƙannenmu sun rungumi Bailey & Love ko littafin Badoe, suna ja wa layuka jan biro har kiran assalatu. Wallahi tausayi suke ba ni. Wanda ya kwana tsaye a ɗakin tiyata, gari ya waye ya zagaya marasa lafiya, abin da ya karanta da idon barci ba ya zama a ka.

Karatun da ke zama shi ne wanda aka ɗaura a kan majinyaci. Yau an kawo yaro daga ƙauye, taifod ta huda masa hanji, kun buɗe ciki kun ɗinke. To a daren nan, ko minti 30 ne, buɗe babin. Me ya sa hujin ya fi fitowa a ƙarshen ƙaramin hanji? A wane mako na zazzaɓin? Yaushe ɗinki ya isa, yaushe kuma sai an yanke sashen hanjin? Gobe maƙoƙo, jibi gwaiwa. Ranar da aka zaunar da kai gaban masu tambayar baka, yaron nan za ka tuna, amsar ta biyo shi.

Sannan ka rufe littafin, ka faɗo abin da ka karanta da bakinka. A nan ne mutane da yawa ke ragwanci, domin maimaita karatu yana da daɗi, yana sa ka ji kamar ka iya, alhali ido ne kawai ya saba da shafin. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa masu gwada kansu sun fi masu sake karantawa riƙe darasi bayan mako guda. Mu da muka tashi muna ganin almajiri ya kife allo ya kawo hadda, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ku haɗu ku uku, kowa ya titsiye ɗan'uwansa da tambayoyin shekarun baya, ba sani ba sabo. Tambayar da kuka faɗi, ku dawo mata bayan kwana biyu, ku sake dawowa bayan mako.

Ku kuma manyanmu, don Allah ku riƙa yi musu tambaya a bakin gado ba tare da kunyata su gaban majinyaci ba, kuma wanda ya kwana aiki a bar shi ya je ya yi barci.