Kibod Mai Cire-Saka

Duk wanda ya saba shiga shagunan buga takardu a Potiskum, musamman lokacin da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ke rububin kammala furojet, ya san tulin kibod ɗin da ake jinginewa a ƙarƙashin tebur. Ka ɗauki ɗaya ka gwada, harafi ɗaya ne ko biyu suka daina amsawa, sauran lafiya ƙalau. Wannan asara tana damuna.

Laifin na ƙira ne. Kibod mai araha shimfiɗar roba guda ce a ƙarƙashin haruffan duka, sai leda mai siraran layukan wuta. Wuri ɗaya ya cinye, ko shayi ya zube, shi ke nan.

Akwai wani nau'in da kowane harafi ke da nasa makunnin, da ɗan sifirin a ciki. Kamfanin Cherry ne ya fito da makunni samfurin MX a Jamus cikin shekarun 1980, yau kuma kamfanonin Sin irin su Kailh da Gateron suna ƙera masu siffa iri ɗaya. A da, ƙafafun ƙarfe biyu na kowane makunni da dalma ake liƙe su a jikin allo. Masu gyaran wayarmu sun iya wannan aiki sarai, amma sai da wuta, sai da natsuwa, kuma zafi ya yi yawa tagullar allon ta ɗago.

Yanzu ana manna ɗan soket a bayan allon tun daga masana'anta. Makunni ya mutu, ka sa hantsaki ka zare shi, ka danna sabo, kamar yadda bakanike ke canza fulogin babur. Ko lantarki ba a buƙata, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar hunturu ta shiga, ka cire ka karkaɗe. Hattara dai: a duba ƙafafun sun miƙe kafin a danna, don lanƙwasasshiyar ƙafa tana iya ture soket ya ɓalle. In makunnin mai ƙafa biyar ne, allon kuma na mai uku, ƙarin biyun roba ne, abin yanke farce ya ishe su.

Tsada kam kibod mai soket yana da ita, kuɗinsa ya sayi na roba da yawa. Amma a yi tunanin cibiyoyin koyon jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015: A, B, C da D ne ke shan dannawa daga safe zuwa yamma, galibin sauran haruffa na hutu. Makunni huɗu za a canza, ba kibod ba.

Masu shaguna, in za ku aika Kano sayen kibod, ku ce a kawo mai soket, a haɗo da makunnai kamar goma na ajiya.