Kabarin da ke bayan lokeshin ɗin War Horse

Mai karatu, ka tuna gidan gonar nan na cikin War Horse, fim ɗin darakta Steven Spielberg na 2011? Yana can kan tsaunukan Dartmoor a Ingila.

Ka ɗan taka gaba kaɗan, sai Drizzlecombe. Ba kwalta, ba shago, sai ciyawa da tumaki da hazo. Nan Giant's Basin yake, tulin duwatsun da mutanen da suka tara kan mamacinsu sama da shekara 3,000 baya. Abin haushi, tuni aka haƙe tsakiyarsa. Gefe kuma ga dogon dutse a kafe, ya haura mita 4.

In ka je, ɗau hoto, amma kada ka taɓa dutse ko ɗaya. Kabari ne fa, ba kayan shutin ba!