Kork, birnin da naman gishiri ya gina

A kudancin tsibirin Irlanda, inda kogin Li ya rabu biyu kafin ya doshi teku, nan birnin Kork yake. Baƙon da ya sauka garin da wuya ya tafi bai leƙa Kasuwar Ingilishi ba, wata rufaffiyar kasuwa da ke ci tun 1788. A layin mahauta ana baje tsokar ƙirjin sa wadda ta yi kwanaki cikin ruwan gishiri. Ita ake kira konbif. Sunan ya samo asali ne daga ƙwayoyin gishiri masu girman tsabar hatsi da ake cuɗa naman da su a da.

Dahuwarsa ba ta son gaggawa, domin ƙirji nama ne mai jijiya. Ana wanke shi, a sa a tukunya da albasa, a rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan kaɗan, awa 3 zuwa 4. Wuta mai ƙarfi ƙara masa tauri take yi. Karoti da dankalin turawa suna shiga daga baya, ganyen shu kuwa sai ana gab da saukewa. Wasu suna zuba baƙar giya mai ɗaci, irin ta Beamish ko Murphy's, kamfanonin da aka kafa a Kork a 1792 da 1856. Wanda ba ya ta'ammali da giya, ruwa ko romon ƙashi ya ishe shi.

Amma tarihin wannan nama ya fi ɗanɗanonsa nauyi. A 1663 da 1667 majalisar Ingila ta kafa dokokin da suka toshe shigar shanun Irlanda kasuwanninta, don kare makiyayanta. Shanu suka yi kwantai, farashi ya faɗi. Attajiran Kork ba su zauna kuka ba: suka koma yanka, suna jera naman cikin gangunan katako da gishirin da suke sayowa daga Fotugal da Faransa, wanda harajinsa a Irlanda bai kai na Ingila ba. Iyakar da aka rufe wa saniya mai rai ta buɗe wa nama hanyar teku.

Cikin ƙarni na 18 Kork ta zama babbar tashar guzurin jiragen ruwa. Sojojin ruwan Ingila da namanta suke tafiya, haka jiragen da ke zuwa tsibiran Faransa na Martinik da Gwadalup. A can, dokar bayi ta 1685 ta tanadi a ba kowane bawa naman gishiri ko kifi duk mako. Ke nan wani ɓangare na arzikin Kork daga gonakin rake na bayi ya fito.

Talakan Irlanda kuwa, da ya yi kiwon, nama sai gani sai hange. Abincinsa dankali ne da madara. Da cuta ta kama dankalin a 1845, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1, wasu da yawa suka tsallaka Amurka. A Niyok ne jikokin makiyaya suka sami halin sayen konbif wurin mahauta Yahudawa, suka haɗa shi da shu, har ya zama abincin bukinsu na 17 ga watan Maris.

A ƙarni na 19 cinikin ya koma hannun ƙasashen kudancin Amurka, masu tura naman cikin gwangwani, irin wanda ake gani a kantuna. Kork ta rasa kasuwar duniya, amma mahautanta ba su ajiye gishiri ba. Duk watan Disamba, jama'a na cika rumfunansu don sayen naman da aka jiƙa da gishiri da kayan yaji, wanda ake ci a bukin Kirsimeti.